Isiyaku, Surukin da Ya Ajiye Kunya Mako Uku

Shekara bakwai ke nan da muka kai Isiyaku makwancinsa a wata maƙabarta da ke bayan garin Manchester. Mijin 'yata Saudatu ne. Na girme shi da shekara talatin da 'yan kai, kuma ni ne likita ya zaunar ya gaya wa ina da ciwon daji, amma yau ga shi ni nake zaune ina rubutu game da shi. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama sai in ce zan rubuta, in ɗauki biro in ajiye. Bana Saudatu ta ce in ban rubuta ba ita za ta rubuta da Turanci, to kun ji abin da ya tashe ni.

Ni ba marubuci ba ne, direban bas ne. Karatun masaƙa ya kawo ni ƙasar nan ina saurayi, kafin in gama karatun, masaƙar da ta turo ni ta rufe, na zauna. Shekara ashirin da shida ina zagaya Birmingham da bas mai hawa biyu kafin in yi ritaya, kuma har yau ina gidanmu na Lozells, irin gidajen nan masu manne da juna waɗanda maƙwabci zai yi tari ka ce masa sannu. A nan aka haifi Saudatu, a nan ta tashi da Hausarta mai karkace-karkace. Da ta tafi jami'a a Manchester karatun haɗa magunguna, na riga na haƙura, na ce duk wanda ta kawo in dai yana salla shi ke nan. Sai ta kawo mini ɗan Funtua.

Ranar da ya fara zuwa gaishe ni ana ruwa. Tun daga ƙofar waje ya tuɓe takalmi, ya shigo da safa sharkaf, ya durƙusa a ɗan lungun shigowa da ko mutum biyu ba sa iya giftawa. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Jamaica, ta leƙo ta tambayi matata Hajiya ko yaron ya yar da wani abu ne yake nema. Haka ya ci gaba bayan aure. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Sunana Haruna, shi kuma yana da aboki Haruna a unguwar Rusholme ta Manchester. Daga ranar da aka ɗaura aure har ya koma ga Allah bai ƙara kiran abokin nan da sunansa ba, sai dai "mai sunan Baba". Wallahi abin ya yi mini daɗi. Na yi ta yi wa tsofaffin masallacinmu fankama da shi, ina ce musu ni dai na yi dacen suruki, su je su ji da nasu masu miƙo musu hannu suna taunar cingam.

Aikinsa ne ban ɗauka da muhimmanci ba. Na san gwamnati ta turo shi karatun kimiyya, na san ya gama an riƙe shi yana bincike, na san a shekara yakan je Jamus sau biyu ko uku saboda na'urar da yake aiki da ita babu ita a Birtaniya. Da na tambayi Saudatu me yake yi takamaimai, ta ce yana auna inda haske yake tsayawa a cikin tankin ruwa. Na yi dariya har da tari. Na ce a ƙasar da ba ruwan famfo, an ɗauki yaro an kawo shi Turai ya auna tanki. Na tabbata maganar ta koma kunnensa, don Saudatu ba ta riƙe magana, amma ko a fuska bai nuna ba.

Shekara huɗu da aurensu fitsari ya fara yi mini gardama. GP, wato likitan unguwarmu, ya sa aka ɗebi jini, daga nan asibiti, daga nan aka ɗan yanki tsoka aka duba. Ga wanda bai sani ba, akwai wata 'yar tsoka kamar goro a ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta, likitoci suna ce mata prostate. A nan ciwon dajin ya kama ni. Likitan mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce har yanzu ciwon bai fita daga tsokar ba, amma irin wanda ba ya son jira ne. Ya ce ko a yi tiyata a cire, ko a gasa wurin da haske. Sannan ya lissafa abin da kan iya biyo baya, a ciki har da yoyon fitsari.

Daga wannan kalma ban ƙara jin komai ba. Akwai wani dattijo a masallacinmu da aka yi wa tiyata, na san yana sa ƙunzugu a cikin wando, na ga yadda ya bar sahun gaba ya koma can kusa da ƙofa. Ni da tun ina ɗan shekara goma alwalar azahar take kai ni magariba, ni da na yi shekaru ina shimfiɗa darduma a bayan garejin bas cikin sanyi, a ce in ƙare rayuwata ina ɗiga? Na san hukuncin mai uzuri sarai, da bakina na sha gaya wa wasu cewa Allah Ya yi musu rangwame. Da abin ya zo kaina sai girman kai ya rufe mini ido, na kuma sa masa rigar addini. Na ce ba tiyata, ba gashi, gara in mutu da tsarkina. Wasiƙun asibiti suka riƙa zuwa ina tura su bayan firiji.

Hajiya ta yi kuka ta gaji. Saudatu ta zo daga Manchester ta buɗe baki za ta fara, na ce mata ke da wa za ki yi wannan magana, ta juya harshe zuwa Turanci tana faɗa, na tashi na bar mata falon. 'Ya'yana maza biyu kuwa ko kusa ba su zo ba, sun san halina. Wata uku aka yi a haka, ciwo yana zaune a jikina yana abin da yake yi, kowa a gidan ya sani, ba mai iya cewa uffan.

Sai Isiyaku ya fara zuwa. Ran Asabar zai taso daga Levenshulme inda suke zaune, ya hau jirgin ƙasa, ya iso da wata jakar takardu a hammata. Ya durƙusa, ya gaishe ni, ya tambayi sanyi, ya tambayi ƙafar Hajiya, ya tambayi mutanen masallaci ɗaya bayan ɗaya, gumi yana tsattsafo masa a cikin hunturu. Can sai ya ce to Baba bari a koma, ya ɗauki jakarsa. Na san abin da ya kawo shi, kuma Allah Ya yafe mini, da gangan nake ja masa gaisuwar don kada ya sami ƙofa. Asabar uku yana wannan zarya. Ana nan sai ga wasiƙa ta gidan waya, shafi huɗu da hannunsa, Hausa tsantsa, tana ba da labarin "wani bawan Allah" da ya kamu da "wata larura" da kuma wani magani da ake yi a wata ƙasa. Ko sau ɗaya bai ambaci inda larurar take ba. Na kira Saudatu na ce ta gaya wa mijinta na ga saƙo, a gaida bawan Allahn, Allah Ya ba shi lafiya.

Asabar ta huɗu ya zo bayan azahar. Ashe ya riga ya roƙi Hajiya da Saudatu su fita cefane, gidan ya rage daga ni sai shi. Ya gaishe ni a gajarce, ya miƙe ya fita daga falon, ya ja ƙofa ya bar ta a ɗan buɗe. Na ɗauka tafiya zai yi. Sai na ji matakalar bene ta yi ƙara, ya zauna a kanta, ƙofa tana tsakaninmu, ba na ganinsa ba ya ganina.

"Baba, a yafe mini," in ji shi. "Yau zan yi rashin kunya."

Kuma ya yi. Yaron da ko sunana ba ya iya faɗa ya kira mafitsara da sunanta, ya kira dubura da sunanta, ya kira gaba da sunansa, bai tsaya ba. Ni kuwa ina kujera, na rasa in yi tsawa ko in tashi in gudu. Ta ina zan gudu, yana zaune a kan hanya?

Ya ce tankin ruwan nan da nake yi masa dariya, jikin mutum ne suke kwaikwayo da shi, don yawancin jikinmu ruwa ne. Ya ce hasken da aka saba gashi da shi kamar bas ɗina yake: tun daga fata yake sauke fasinja a kowace tasha, ya sauke a wurin ciwon, ya wuce gaba yana saukewa. Nasu kuwa ba haske ba ne irin wancan. Ƙwayoyin kabon ne, sinadarin nan da ke cikin gawayi, ake kora su a cikin wata ƙatuwar na'ura har su yi gudun da hankali ba ya ɗauka, sannan a harba su. Suna shiga jiki ba sa sauke kaya sosai a hanya, sai sun kai zurfin da aka ƙayyade musu su juye kusan duka a nan su tsaya. Kuma da yake suna da nauyi, dukan da suke yi wa ƙwayar ciwon ba ta cika farfaɗowa daga shi ba. Aikinsa shi ne tabbatar da cewa inda aka ce su tsaya nan suke tsayawa.

Abin da ya sa na saurare shi har ƙarshe shi ne bai yi mini talla ba. Ya ce gashin da ake yi a nan Birmingham ma yana da kyau ƙwarai, mutane da yawa sun warke da shi lafiya lau, kuma in zan yarda da shi gobe, shi zai fi kowa murna don nan ya fi kusa. Ya ce nasu ba kowa ya dace da shi ba, sai likitocin can sun duba hotunana sun yarda, kuma har yanzu masana suna kan gwada shi da sauran hanyoyin. Amma in tsoro ne ya hana ni motsi, to ga wata ƙofa.

 Da na buɗe baki, tambaya ɗaya ce ta fito: "Alwalata fa, Malam?"

"Tabbas na Allah ne, Baba, ba zan yi alkawarin abin da ba nawa ba. Amma ciwon nan in aka bar shi, shi ma alwalar zai fara ci. Zai toshe hanya a sa roba, daga nan ya shiga ƙashi. Ba tsarki Baba yake zaɓa ba, wallahi ba shi ba ne."

Ba wanda ya taɓa gaya mini haka, ko kuma an faɗa ban ji ba. Na ji yana jan hanci a bayan ƙofa. Na ce ya shigo. Ya ce a yi haƙuri, ba zai iya ba. Na ce to miƙo takardun. Hannunsa kawai na gani ya turo jakar ta ƙasa, kafin in gama saka tabarau na ji ƙofar waje ta rufe. Hajiya ta ce sun gamu da shi a bakin titi yana sauri, ko ganinsu bai yi ba.

Likitana na nan bai ji haushi ba, shi ya haɗa hotuna da sakamako aka aika, ya kuma fara yi mini wata allura da ke rage wa ciwon ƙarfi kafin tafiya. Likitocin Jamus suka ce in zo. Yadda aka haɗa guzurin tafiyar wani labari ne daban, Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu. Saura wa zai raka ni. Hajiya ga ciwon gwiwa, Saudatu ga jaririya, 'ya'yana maza ba su san ko hanyar wurin ba. Wanda ya san gari, ya san asibitin, ya san mutanen ciki, mutum ɗaya ne. Haka ni da surukina muka tare a wani ɗan flat mai ɗaki ɗaya da falo, mako uku da 'yan kwanaki.

A nan na gane maganar bayan ƙofa somin-taɓi ce. Tunda abin yana tsayawa daidai inda aka ce masa, dole tsokar ta kasance wuri ɗaya kullum. In ta ɗan gusa, kaya ya sauka a tashar da ba tasa ba. Ita kuwa tana zaune ne tsakanin mafitsara da hanji, abin da ke cikinsu shi ke tura ta. Don haka kowace safiya sai hanji ya zama fayau, sannan in sha ruwa daidai awo, in jira daidai lokaci, in riƙe. Wa zai kula da wannan? Isiyaku. Zai tsaya ya fuskanci taga, ya ba ni baya, ya ce, "Baba, an kewaya?" Ni kuma in dubi bango in ce an kewaya. Sai ya miƙo kwalbar ruwa ta gefe, ya duba agogo.

Wata safiya na yi masa ƙarya. Cikin ya ƙi, ni kuma na gaji da tambayar, na ce an kewaya. Aka kwantar da ni a cikin wani abu da aka zuba daidai jikina don kada in motsa, aka ɗauki hoton da ake ɗauka kafin a fara, sai ma'aikaciyar wurin ta dawo tana murmushi ta ce a sauko tukuna. Hoto ya tona ni. Tsoho da furfura, a gaban surukinsa! Isiyaku ya je ya karɓo maganin da ake bayarwa, ya ajiye a kan kujera kusa da ni, ya tafi can ƙarshen baranda yana karanta wata sanarwa da ke bango kamar ransa ya dogara da ita. Daga ranar ban ƙara ba.

Gashin kansa ba a jin komai. Ka kwanta shiru na ɗan lokaci, ka ji 'yan ƙararraki, a ce ka tashi. Na tambaye shi ina na'urar take, don ni ban ga wani abin kirki a ɗakin ba. Ya fita da ni waje ya nuna mini ginin da ke bayan bangon, ya ce duk wannan ita ce. Garejinmu na bas gaba ɗaya zai shige ciki. Amma ba ginin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Yadda mutanen wurin suke da shi ne. Yaron da yake durƙusa mini a lungu, a can tsayawa ake yi a gaishe shi. Na ga wani farfesa mai farin kai ya tare shi a hanya da takarda, suna ta nuna wani zane, Isiyaku yana girgiza kai yana gyara masa da biro, farfesan yana gyaɗa kai. Kai, ranar ji na yi kamar in yi shela. Na taɓo ma'aikaciyar da ke kusa da ni na gaya mata da Turanci cewa wancan mijin 'yata ne. Ta ce ai duk sun sani, shi ya sa kowa yake kaffa-kaffa da ni.

Abinci ne dai ya gagara. Shi yake dafawa, ya jera mini a falo, ya koma kicin ya ci a tsaye. Rannan na ce ya ɗauko kwanonsa ya zauna, umarni ne. Ya zo ya zauna a bakin kujera, ya riƙe cokali, ya yi ta juya shinkafa har ta huce. Na ga zalunci nake yi, na ce tashi ka je ka ci abincinka.

Na yi 'yan makonni bayan mun dawo ina jin zafi wurin fitsari, ga yawan zarya, daga baya ya lafa. Gwajin jini ya riƙa sauka, har yau ina zuwa ana dubawa, har yau alhamdu lillahi. Kada wani ya karanta wannan ya ce Haruna ya ce sai Jamus. A masallacinmu kaɗai akwai waɗanda aka gasa a nan garin, akwai waɗanda aka yi wa tiyata, suna nan garau. Dattijon nan mai ƙunzugu da na raina wa hali, shekararsa goma sha yana ganin jikokinsa, kuma na tabbata sallarsa ta fi tawa nauyi, don shi bai yi wa Allah girman kai ba. Wautata ce ta sa sai da aka kai ni wata ƙasa, Allah kuma Ya rufa mini asiri Ya ba ni surukin da zai iya kai ni.

Nakan zauna in ce, da a ce Isiyaku zai leƙo yau, me zai gani? Zai tarar har yanzu babu irin na'urarsa a ƙasar nan, sai ƙanwarta mai ƙwayoyi marasa nauyi da aka kafa a Manchester. Gida kuwa, inda ya ci burin komawa ya koyar, har yau mutum yakan yi tafiyar yini guda neman gashin da aka saba, ya je ya tarar da layi. Wannan zai dame shi, don ya sha gaya wa Saudatu cewa gwajin jini da wuri ya fi kowace na'ura ceton rai a wurinmu. Zai ga 'yar ƙaramar yarinyar nan da ya bari, Amira, ta kai kafaɗar uwarta, tana gyara wa malaminta lissafi. Amma abin da zai sa ya nemi ƙasa ta tsage ya shige, ni ne. Tsohon da aka yi wa magana ta bayan ƙofa yanzu shi ke tare maza a ƙofar masallaci ran Juma'a. Duk wanda na ga ya haura arba'in da biyar, ɗalibi ne ko direban tasi, sai na tambaye shi sau nawa yake tashi fitsari, yaushe rabonsa da GP. Har cocin 'yan uwanmu mutanen Filato da Kudancin Kaduna an gayyace ni na yi wa maza bayani da Hausa, na faɗi komai da sunansa. Yara sun sa mini suna Baba Prostate, suna zaton ban sani ba. Mutum huɗu na sani da aka kama nasu da wuri ta dalilin wannan surutu nawa.

Abin da ban taɓa gani ba, kafin shi ko bayansa, shi ne yadda ya koma halinsa na da. Ranar da muka sauka daga Jamus, muna isa ƙofar gida ya ajiye akwatina, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a lungun nan ya yi mini sannu da hanya, kamar ba tare muka zo ba. Shi ke nan. Bai ƙara ɗaga ido ba, bai ƙara tambayata komai game da jikina ba, sakamakon gwaji ma ta bakin Saudatu yake ji. Kunyarsa ya ajiye don in rayu, da aikin ya ƙare ya sunkuya ya ɗauki abarsa. Ni kuma sai na biye masa. Sau nawa na shirya zan ce masa na gode, in ya durƙusa sai harshena ya yi nauyi, in tambaye shi ya sanyi. Na gaya wa Hajiya ta gaya wa Saudatu ta gaya masa. Na ce ai akwai lokaci, yaro ne, ni ne mai tafiya.

Shekara biyu da 'yan watanni bayan nan, wata Talata da hantsi, ya faɗi a wurin aiki. Jijiya ce ta fashe masa a ka. Kwana biyu ya yi a asibiti bai farfaɗo ba. Ko arba'in bai cika ba.

Aka kai shi ɗakin wankan gawa na wani masallaci kusa da Rusholme. 'Yan gida da suka taru yawancinsu ɗalibai ne, sun yi tsuru-tsuru, ba wanda ya taɓa yi. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce Alhaji ka zauna a waje, suruki ne, ba a yi. Na ce na san ba a yi. Na tuɓe babbar rigata na miƙa masa, na naɗe hannun riga na shiga. Ni da limamin masallacin da wannan abokin nasa mai sunana muka yi. Muka rufa masa zane, na zuba ruwa a hankali, na wanke masa hannuwa, na shafa bakinsa da hancinsa, na wanke fuskar nan da ban taɓa gani sosai ba sai ranar. Da na zo ƙafafu na kasa riƙewa, na ce da ƙarfi, kowa yana ji, "Isiyaku, na gode." Mai sunana ya juya ya fuskanci bango.

An ce ya bar rubuce-rubuce da masu irin aikinsa suke amfani da su, Saudatu ta nuna mini, ban gane ko layi ɗaya ba, amma na sa an yi musu bango suna nan a falo. Wannan shaidar masana ce, su za su bayar. Tawa shaidar ƙarama ce. Akwai wani tsoho mai taurin kai a Lozells da ya yi niyyar mutuwa saboda alwala, yau shekara tara yana yin ta sau biyar a rana yana tsayawa a sahun gaba, kuma ba ya sallamewa bai ambaci yaron nan ba. Ina alfahari da shi fiye da yadda na iya faɗa, kuma ina jin ciwon cewa bai ji daga bakina ba yana da rai. Wanda duk ya karanta wannan, in yana da wanda yake jin nauyin yi wa godiya, ya daure ya yi yau.

Allah Ka ji ƙan Isiyaku, Ka rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mini a nan, Ka raya masa Amira. Ku taya ni da amin.